Tashin jirgi, daga taragon ƙarshe ake gane shi

Jikana ne ya tono wannan magana. Makon jiya ya dawo daga Abuja a jirgin ƙasa na sabon layi, ya same ni a zaure bayan la'asar, yana ta ba ni labarin sanyin tarago da laushin kujeru. Can sai ya ce, "Alhaji, wai ni kam mene ne aikin direban jirgi? Ba sitiyari, ba shan kwana, dogo ne ke kai shi duk inda za shi." Na tambaye shi ko ya lura da lokacin da suka tashi daga tashar Idu. Ya ce a'a, yana danna waya ne, ɗaga kan da zai yi sai ya ga ginin tasha yana ja da baya. Na ce masa to wanda ya tuƙa ku ran nan ya iya aikinsa, ka sa shi a addu'a. Shi ne ya matsa mini in rubuta, zai sa a intanet.

Shekara talatin da biyar na yi a reluwe, tun daga farkon shekarun 1980, kusan duka a tsohon layi, ƙaramin nan mai faɗin ƙafa uku da inci shida, wanda ya iso Kano a 1911. Lokon Zariya, wato inda ake ajiye kawunan jirgi ana duba su, shi ne gidana. Kano, Kaduna, Minna, wani lokaci reshen Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda. Na tuƙa kawunan jirgi iri-iri, har da na Sin da aka kawo a shekarun 1990, amma wanda hannuna ya saba da shi, wanda har yau nake mafarkinsa, shi ne ɗan Kanada, ƙirar kamfanin MLW ta farkon shekarun 1970, waɗanda lambobinsu suka fara daga 1701. Silinda takwas, ƙarfin doki 1,500. Na same su da sauran ƙuruciyarsu, a hannunmu suka tsufa.

Mutane da yawa ba su san cewa injin dizal ɗin ba shi ke juya ƙafa ba. Babu giya, babu kuloci. Injin yana juya wani ƙaton janareta ne, janareta ya ba da wuta, wutar ta sauka zuwa moton lantarki shida da ke rataye a ƙasa, kowane moto yana juya ƙafa biyu. A gaban direba akwai totur mai mataki takwas, mu a bakin aiki noci muke ce wa kowane mataki. Akwai sandar gaba da baya. Akwai birki biyu, ɗaya na kai shi kaɗai, ɗaya na jirgin gaba ɗaya. Sai allurai a fuskar allo, wadda ta fi duka muhimmanci wajen tashi ita ce ta amita, mai nuna yawan wutar da motocin ke sha.

Wanda ya koya mini aiki ya fara ne da fayaman a zamanin jirgin kwal, yana ɗibar kwal ɗin Inugu da shebur yana cusa wa wuta. Baba muke ce masa. Ba shi da yawan magana, kullum da goro a aljihun gaba, kuma duk loko an san ba kowa yake ɓantara wa goron nan ba. Na yi wata uku a kujerar mataimaki bai bar ni na taɓa totur ba.

Wata safiya a yadin Zariya aka haɗa mana taragun fasinja goma sha biyu, babu kowa a ciki, za a matsar da su wani layi. Ya ce in sauka in tafi na ƙarshe. Ya sa aka cika mini kwanon sha da ruwa har baki. "Yaro, ka tsaya a tsakiya. Kada ka riƙe komai sai kwanon nan."

Na tsaya. Daga can nesa na ji ƙarfe ya amsa, gwaf. Sai wani gwaf, sai wani, suna matsowa suna ƙara sauri, kamar ana bin ƙofofin gida ana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gyara tsayuwa an zare ƙasa daga ƙafata. Ruwa a ƙirjina, bayana a jikin ƙofa. Ya tsaya, ya aiko a sake cika kwanon. Wannan karon na yi ta jira. Ban ji komai ba sai wani ɗan kukan ƙarfe can ƙasa-ƙasa. Da na leƙa ƙofa sai na ga tsakuwa tana wucewa. Fuskar ruwan ce kawai ta ɗan yi rawa, ko ɗigo bai zuba ba.

Da na dawo kai, ya ce, "Na farkon nan da ya yar da kai, ni a nan ko gezau. Kujerar direba ba ta jin abin da direba ya aikata."

Ga dalili. Tarago da tarago ba a ɗaure suke tamau ba. Kowace ƙugiya tana da ɗan sako-sako, kamar faɗin yatsu biyu, in ta ci ma ya fi haka, ga kuma sifirin a bayanta mai miƙewa da komawa. A tarago ɗaya wannan ba wani abu ba ne. Amma tara na goma sha biyu ko sha huɗu, sai ka ga kai zai iya tafiyar kamu guda da ɗoriya kafin taragon ƙarshe ya san an tashi. In direba ya buɗe wuta da ƙarfi, a cikin 'yar tazarar nan kai yana ƙara gudu. Taragon farko ya sha ɗan ja, na biyu ya fi shi, na uku ya fi na biyu, shi kuwa na ƙarshe da ke tsaye cik, lokaci guda za a fizge shi zuwa gudun da sauran suka riga suka kai. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya san ba a fizgar igiya tana sake. Tattaro ta ake yi a hankali har ka ji nauyin guga a hannu, sannan ka ja. Gugan direba goma sha biyu ne a jere, kuma mutane ne a cikinsu.

Sai ka san tasharmu ta wancan lokaci kafin ka gane nauyin maganar. Jirgi ba ya tashi da kowa a zaune. Wata na miƙa dafaffiyar gyaɗa ta taga tana jiran canji. Wani na ɗora buhu a kanta sama da kan mutane. Mai goyo ƙafarta ɗaya a matakala, ɗaya a dandamali, ɗanta na biyu riƙe da zaninta. Mai rake na bin tarago da gudu-gudu. An busa usur, an daka tsawa, amma kullum sai an samu na ƙarshe. Ba ƙyaure mai rufe kansa. Direba ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, dole ya ɗauka suna nan.

Kafin a zo ga wuta, akwai birki. Taragunmu na tsohon layi birkin bakyum gare su, gadon Turawan Ingila. Bututu ɗaya ne ya ratsa jirgin daga kai har wutsiya, tiyon roba yana haɗa tarago da tarago. A kai akwai famfo mai zuƙe iskar da ke cikin bututun. In an zuƙe, birki ya saki. In iska ta shiga, birki ya kama. Hikimar ita ce ko jirgi ya tsinke a hanya, tiyo ya rabu, iska za ta shiga, ɓangarorin biyu su tsaya da kansu. Sai dai zuƙewar tana cin lokaci, kuma daga gaba take farawa. Allurar da ke gabanka za ta hau ta nuna maka an gama, alhali taragu uku na baya takalman birkinsu na nan rungume da ƙafa. In rana ta gasa tiyo ya tsattsage yana shan iska, jiran ya ƙaru.

Baba ba ya duba agogon hannu a nan. Da allura ta tsaya, sai in ga leɓensa na motsi. Daga baya ya faɗa mini Ƙulhuwallahu yake karantawa ƙafa uku, in jirgin mai tsawo ne ya ƙara Falaƙi da Nasi. Da wannan ma'aunin na yi aiki har na ajiye. Wanda bai jira ba, zai ji jirgi ya yi nauyi, ya ƙara wuta, sai birkin baya ya saki a daidai lokacin, jirgi ya zabura. Ko kuma ƙafa ta ja a kan dogo ba ta juya ba, ta goge wuri guda, daga nan har Ikko tana kwas-kwas-kwas a ƙarƙashin kujerar wani bawan Allah da ke neman barci.

Duk tsawon jiran nan birkin kai ne ke riƙe da jirgin. Gadi, wato ma'aikacin da ke kula da jirgi daga taragon ƙarshe, ya busa usur daga baya ya ɗaga koriyar tuta, da dare fitila. Sigina ta ba da hanya. Mataimaki ya leƙa ya tabbatar, ka danna oda. Sandar gaba tana gaba. Sai ka ja totur noci ɗaya. Ɗaya tak.

Ba abin da zai motsa. Injin ma ba zai sauya murya ba, don a noci ɗaya gudunsa kusan na silo ne. Za ka ji ƙas-ƙas a akwatin lantarki da ke bayanka, maɓallan wuta suna haɗuwa, sannan allurar amita ta soma ɗagowa a hankali. Tsohon kai yakan ɗauki daƙiƙa uku ko huɗu, wani fiye da haka, kowanne da halinsa, kuma mun san su da lambobinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Daƙiƙun nan su ne mafi wuya ga sabon direba. Tasha cike da idanu, shugaban tasha yana tsaye yana duban agogo, an riga an makara, ga shi ka ja totur shiru. Hannu da kansa yake son ya ƙara.

Ni ma na ƙara, sau ɗaya, kuma ban manta ba. A shekarar farko da aka ba ni jirgi ni kaɗai ne, cikin azumi, a wata ƙaramar tasha tsakanin Zariya da Kano. Mun makara fiye da awa biyu, kowa na so ya sha ruwa a gida, ni ma haka. Na ja ɗaya, shiru. Na ja biyu. Na ja uku. Sai wutar duka ta zo lokaci guda. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kuma na ji ƙarar nan da na sani tun ranar kwano tana gudu zuwa baya. A tasha ta gaba gadi ya tako tun daga wutsiya har gindin matakalata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai wani dattijo da ya tayar da sallar la'asar a tsakanin kujeru, ya faɗi, goshinsa ya bugi ƙarfe. Na sauka na bi shi. Na tarar an ɗaure masa kai da ƙyalle, jini ya ɓata gaban farar rigarsa, butarsa ta gangara ƙarƙashin kujera ba wanda ya ɗauko. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne direba, ni na yi maka wannan, ka yafe mini." Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Na yafe, ɗana. A dai riƙa yi a hankali, akwai tsofaffi a baya." Na ɗauko masa butar na koma kai. Da aka kira magariba muna hanya, mataimakina ya miƙo mini dabino, na kasa haɗiyewa.

Yadda ya kamata a yi shi ne ka jira allurar ta ɗago, har ka ji kai yana turo ƙirji a kan birkinsa kamar doki da aka riƙe wa linzami. Sannan ka soma sakin birkin kai, kaɗan-kaɗan, ba duka ba, hannunka na kansa. Kada ka dubi agogon gudu, a wannan tafiyar ba abin da zai nuna maka. Leƙa taga ka zaɓi tsakuwa ɗaya a gefen dogo ka sa mata ido. Gudun da ake so bai wuce na tsoho mai dogara sanda ba. In ya nemi wuce haka, ka ɗan taɓa birkin. Duk taragon da ƙugiyarsa ta miƙe, akwai wani ɗan ja da za ka ji a ƙugunka, ƙarami ƙwarai, wanda sabon shiga ba ya ji sam. Jiki magayi, amma sai an koya masa. Na yi kusan shekara biyu kafin bayana ya iya ƙirga taragu. Ɗaya, biyu, uku, har sha biyu. Mataimaki yana rataye a ɗaya tagar yana duban baya, shi zai ce maka wutsiya ta motsa, gadi ya sake ɗaga tuta. Sai a lokacin nan ne noci biyu ya halatta.

Daga nan kuma zance ya koma tsakaninka da allura. Moton lantarki irin wannan ya fi shan wuta, ya kuma fi ƙarfin ja, lokacin da yake tsaye ko yana tafiyar hawainiya. Yana ƙara gudu, wutar da yake sha tana raguwa. Saboda haka duk nocin da ka ƙara, allura za ta yi tsalle ta hau, ta ɗan tsaya, sannan ta soma saukowa. In ta soma saukowa ka ƙara na gaba. In ka ƙara tana kan hawa, ka tara ƙarfi biyu wuri guda, fasinja zai ji shi a wuya. A ƙarshen fuskar amitar akwai jan yanki, ana iya shiga na 'yan mintoci, ba a zama a ciki. Haka kuma ba a barin wuta tana shiga moto jirgi na tsaye wuri ɗaya, don tagullar ciki za ta yi zafi a gefe guda ta lalace. Wanda ya cika jinkiri ma ɓarna yake yi, tasa dai a loko ake ganinta, ba a goshin fasinja ba.

Su 'yan Kanadan nan kuma hayaƙi na tona asirin mai tuƙa su. Injinsu yana da na'urar hura iska wadda hayaƙin injin ne ke juya ta. In ka buɗe totur da sauri, mai zai riga iska isa silinda, abin da bai ƙone ba ya fito baƙi ƙirin. Ko a hannun gwani sukan yi ɗan tari, halinsu ne. Amma akwai bambanci tsakanin tari da gobara. Baba yakan tsaya a dandamalin Zariya, hannu a baya, jirgin wani na tashi, daga kalar hayaƙi kawai ya faɗi ko wane ne a kujera, kuma da wuya ya kuskure.

Sai santsi. Inda ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba, ƙarfe a kan ƙarfe, kuma ta nan ne duk ƙarfin doki 1,500 zai bi. Mutane suna zaton mamakon ruwa ne abin tsoro. A'a, ruwa mai ƙarfi wanke dogo yake yi. Abin tsoro shi ne yayyafin farkon damina, in ya sauka a kan ƙurar rani da baƙin man da kawuna suka ɗiga a inda suke tsayawa kullum, ya zama kamar an shafa kuɓewa. Sai kuma raɓar asuba a ƙarshen damina, da ciyawar da ta kwanta a kan dogo a rassan da jirgi ba ya yawan bi. In ƙafa ta kuɓuce, fitilar gargaɗi za ta kama, allura ta faɗi, ka ji wani gurnani a ƙarƙashinka. Abin da zuciya ke so shi ne a zuba yashi nan take. Kuskure ne. Ƙafar da ke juyawa a banza in ta ci karo da yashi, cafke dogo za ta yi farat ɗaya, ta fizgi jirgin fiye da duk abin da totur zai yi, har ƙugiya kan iya tsinkewa. Ka fara rage noci, ƙafa ta natsu, ka zuba yashi, sannan ka dawo da wuta. Gwani ma tun kafin ya tashi ya riga ya dubi fuskar dogo, in bai yarda da ita ba ya zuba yashin tun ƙafa ba ta juya ba. Shi ya sa kafin in fita daga loko nake zagayawa da kaina in gwada bututun yashi ɗaya bayan ɗaya. Yashin da ya sha danshi dunƙulewa yake yi a akwati, ka danna ba abin da zai fito, kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake bukatarsa.

Daga Minna zuwa Kaduna hawa ne, kuma akwai tashoshin da jirgi ke tsayawa a kan tudu. A can lissafin ya sauya. Jirgin da ke fuskantar hawa ƙugiyoyinsa a miƙe suke, nauyi ya riga ya ja su, babu sako-sakon da za ka tattara. Amma fa duka nauyin za ka ɗaga lokaci ɗaya, kuma birkin kai shi kaɗai ba lalle ya riƙe ba. Sai ka ba da wuta tun birkin jirgi bai gama saki ba, noci biyu, wani lokaci uku, yadda ƙarfin ja zai karɓi nauyin a daidai lokacin da birki ke sakinsa, kamar mutum biyu suna miƙa wa juna tulu cike da ruwa. In ka makara jirgi ya ja baya, kuma ba wa moto wutar gaba yana juyawa baya hanyar ƙona shi ce. A gangara kuma akasin haka: taragu sun taru sun danno kai. Nan ba ka bukatar wuta ko kaɗan da farko. Ka saki birkin jirgi, ka riƙa sassauta na kai, nauyi da kansa zai tura ku.

Abin da na fi daɗewa ban gane ba shi ne rabin tashi mai kyau tun wajen tsayawa ake yin sa. In ka shigo tasha ka taka birkin kai da ƙarfi, taragu za su zo su cunkushe a bayanka, duk ƙugiyoyi su saki, kai da kanka ka haɗa wa kanka aikin da za ka yi bayan minti goma. Baba da birkin jirgi yake tsayawa, na kai a sake, wani lokaci ma da noci ɗaya a buɗe har kusan ƙarshe, yadda kai zai ci gaba da ɗan ja taragu na riƙe shi. Saura kaɗan a tsaya sai ya soma sassauta birkin, jirgi ya zauna a hankali ba tare da sunkuyar da mutane ba. Jirgin da ya tsaya haka a miƙe yake. In lokacin tashi ya yi, noci ɗaya, duka sha biyun su motsa tare kamar abu guda. Matsalar takan zo ne in ka karɓi jirgi daga hannun wani, ko an sauya kai, ko an ƙara tarago. Nan ba ka san yadda aka bar maka ƙugiyoyi ba, sai ka ɗauka duk a sake suke.

Na hau jirgin Abuja zuwa Kaduna bayan an buɗe shi a 2016, a matsayin fasinja. Birkin iska ne, yana amsawa da sauri, kuma sababbin kawuna kwamfuta ce ke lura da santsin ƙafa, tana rage wuta kafin ɗan Adam ya ankara. Ban raina wannan ba ko kaɗan, da muna da shi da ƙafafu da motoci da yawa ba su lalace ba. Amma da gangan na nemi kujera a can baya, kuma a tashi biyu daga cikin tashoshin hanya na ji bambanci. Har yanzu akwai hannun mutum a kan totur.

Baba ya riga ni barin aiki da shekaru masu yawa. Tsawon zamanmu bai taɓa ce mini na iya ba. Wata rana na ɗauko jirgi daga Zariya da asuba, raɓa ta jiƙa dogo sharkaf, taragu sha huɗu, da wani tsohon kai da kowa ke gudu saboda jinkirin wutarsa. Mun isa Kaduna ina duba allurai sai na ji ana ƙwanƙwasa matakala da sanda. Na leƙa, sai ga Baba, ya rame, da jakar leda a hannu, za shi asibiti ganin likitan ido. Ashe yana cikin jirgin, kuma na san ba sai na tambayi taragon da ya zauna ba.

"Wa ya tashe mu daga Zariya?"

"Ni ne, Baba."

"Yashi ka zuba tun kafin ka motsa."

"Na zuba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da goro fari, ya ɓantara biyu, ya miƙo mini rabin ta taga. Sannan ya juya ya bi dandamali a hankali yana dogara sandarsa, ni kuma gadi ya busa mini usur.